Shekarar da Na Binne Gyaɗa

Bana ma ruwa ya yi nawa. Kwana nawa ke nan hadari yana haɗuwa gabas da la'asar, ya yi baƙi har kaji su shige akurki, sai iska ta zo ta watsa shi. Jiya da safe na ji saran sungumi a bayan gida, jikokina sun fita binne. Ga wanda bai san arewa ba, binne shi ne a shuka hatsi cikin busasshen rairayi tun ruwa bai sauka ba, don ruwan fari ya tarar da iri yana jiransa. Mu nan arewa da Gidan Amumune daminarmu gajera ce, wanda ya tsaya jiran ƙasa ta jiƙe ya ba maƙwabcinsa kwana biyar kyauta. Ina zaune a inuwa ina jin saran nan ɗaya bayan ɗaya, sai bakina ya yi ɗaci, don ni na taɓa binne abin da ba a binnewa.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Mu dai labarinsa muka ji. An ce Nasara ya tafi, an ɗaga sabuwar tuta a Mayahi, mai karɓar lanho, wato haraji, kuma ya zo a watan da ya saba zuwa. Abin da ya juya duniya a idonmu gyaɗa ce, wadda mu muke ce wa gujiya. Daga Tasawa zuwa iyakar Najeriya kowa ya zuba ta. Aka kafa sikeli a kasuwanninsu, aka gyara hanya saboda manyan motoci, aka haƙa musu rijiyoyin siminti, malaman gona suna yawo a keke suna rabon iri. Inda gyaɗa ta tsaya, nan hanya ta tsaya. Mu aka bar mu da hatsinmu da awakinmu da kabar da muke saƙa tabarmi da ita. Duk kaka samarinmu su ɗaure ƙunshi su gangara kudu ƙwadago, su dawo da fitilar hannu da labaran da ke sa mutum ya raina ɗakinsa.

Ina da ƙanwa, Abu, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goye ta. Wani mutumin Kona mai suna Ilu ya aure ta, mai zuwa kasuwar Gidan Amumune sarin tabarmi da jakinsa mai ɗingishi. Ranar da aka kai ta har kukan tausayi na yi mata, don maigidana yana da rumbu uku da shanu biyu a wajen Fulani, Ilu kuwa rigar da ya sa ranar ɗaurin aure ta maigidana ce, aro ya yi. Na faɗi wannan ne don a san daga inda aka taso.

Bayan shekara biyar Abu ta aiko in je bikin ƙanwar mijinta. Kaka ce, an gama ɗaurin hatsi. Na tafi da ɗiyata ta fari, wadda ake ce wa Lami, sunanta na yanka kam har yau ba ya fitowa bakina. Tana da shekara biyar, ni kuma ina da ƙaramin ciki. Kwana uku muka yi a kan jaki. Na ɗauki tabarma biyu saƙar hannuna da man shanu a ɗan duma, ina tafe ina jin ni ce babbar yaya mai kai wa ƙanwarta gudummawa.

Tun daga Tasawa jikina ya fara sanyi. Buhunan gyaɗa jere a bakin kasuwa sun fi ɗaki tsawo, motoci suna ta gurnani. Da muka shiga Kona ban tambayi gidan ba, wani yaro ya nuna mini rufin kwano yana walƙiya ya ce can ne. Na ce a'a, gidan Ilu mai tabarmi nake nema. Ya ce ai shi ne. A zaure ga keke jingine, ga rediyo an lulluɓe shi da ƙyalle. Ɗakin Abu kuwa jeren kwanoni tun daga ƙasa har rufi, ja da shuɗi da mai fure. Ni duk jerena ƙore ne, sai tasa ɗaya ta gadon uwarmu.

Abu ta rungume ni ta yi kuka, ta karɓi tabarmina tana yaba saƙar. Gaskiya da zuciya ɗaya ta yi, ni ce tawa ba ɗaya ba. Kashegari na fito tsakar gida na ga tabarmata guda an shimfiɗa wa ƴan ƙwadago suna cin abinci a kai. Da na duba fuskokinsu, ashe samarin ƙauyenmu ne, har da ɗan maƙwabcinmu. Suka durƙusa suka gaishe ni da tuwon Ilu a hannunsu. Wata mata mai ƙiba daga dangin ango ta dube ni sama da ƙasa ta ce wa Abu, "Wagga ita ce yayar taki ta arewa? Allah sarki. An ce can sai an ɗaura wa sa igiya kahin a ga ruwan rijiya." Aka yi dariya, ni ma na yi, haƙorana kawai.

Amma abin da ya fi yi mini ciwo Lami ce ta yi shi. Aka kawo tuwo da miya, mai yana yawo a kai har mutum na ganin fuskarsa. Yarinyar nan ta cinye, ta ɗaga kwanon ta lashe shi tas a gaban mata, ta ce a ƙaro. Sai ka ce ba a taɓa ba ta abinci ba, alhali a gidanmu ba a taɓa kwana ba a tuƙa ba. Na mintsine ta a cinya, ta kwarma ihu, aka san na mintsine ta.

Ana gobe za mu koma, Abu ta ja ni ɗaki. Ita shekara biyar ko ɓari ba ta taɓa yi ba, na kuma san abin yana cin ta.

Ta ce, "Yaya, ki bar mini Lami. Kin ga Allah bai ba ni ba tukuna, ke ko ga wani nan tahe. Nan ga likita kusa, ga ruwa bakin ƙohwa, ga lakwal an gina ta karatun boko."

A al'adarmu ƙanwa ta roƙi riƙon ɗiyar fari ba a hana ta, uwar ma bai kamata a ji bakinta ba, don kunya. Da a ce zamanin jaki mai ɗingishi ta roƙe ni, wallahi da na ba ta har in haɗa mata da akuya. Amma a cikin ɗakin kwanonin nan ta roƙa, ta kuma lissafa mini abin da ba mu da shi ɗaya bayan ɗaya. Sai na ji kamar cewa take ba zan iya ci da abin da na haifa ba. Na ce sai na shawarci ubanta.

Sai ta jawo rabin buhun gyaɗa mai ɓawo daga bayan gado. "To ki tahi da wagga ki gwada a gamanarki, ɗan hilin nan naki. Amma ki tsaya in hwaɗa miki yadda a ka yi mata, don ba kamar hatsi ta ke ba."

Na ce, "Abu, ni za ki koya ma noma? Ina bin sungumi kina bayana goye kina mini hitsari."

Na bar mata buhunta a nan. Da za mu tafi Lami ta riƙe zanen Abu tana kuka, sai da na ɓamɓare yatsunta.

A gida na ba da labarin roƙon, don dole ne. Iya, uwar maigidana, ta ce, "Ɗiya ai ta dangi ce, Hajo. A ba ta." Maigida ma ya ce bai ga laifi ba. Ni kuwa na ce su ba ni damina ɗaya. Na ce in Abu ta zo baɗi ta tarar da kwano a kan ɗakinmu, ta san ba rashi ke sa mu ba da ƴaƴa ba, daga nan in an ga dama a yi maganar. A raina na san in na samu kwanon nan ba wanda zai ƙara tayar da ita.

Duk ranin nan na zauna a kan maigida. Mutum ne marar yawan magana, amma na san inda ke masa ciwo, na kuwa dinga taɓawa. In na ajiye masa fura sai in ce Ilu da sukari yake shan tasa. In ya ɗaura wa jaki akumari sai in tuna masa keke. Gamanata, wato ɗan filin da aka yanka mini ni kaɗai, na ce ta yi kaɗan, ba da ita za a yi rufin kwano ba. Gandun gidanmu kashi biyu ne, akwai tudu, akwai kwari inda Fulani ke kwana da shanu duk rani. Kwarin nan shi ke cika rumbu biyu cikin ukun. Shi na nema. Wata rana ya ajiye ludayi ya ce, "Ki ɗauka, in dai zan huta." Na san ba hutun kaɗai yake so ba, rigarsa da aka ara ta tsaya masa a rai shi ma.

Na kora awakina jajaye huɗu zuwa kasuwar Mayahi na sayar, na sayi iri. Mai sayarwa ya tambaye ni ko na saba shuka ta, na ce tun ina yarinya. Ban yarda in tambayi kowa komai ba, don a ganina duk tambayar da na yi sai ta isa Kona kafin in iso gida. Irin hatsi kuwa na tudu kaɗai muka ajiye. Ragowar dammunan iri da su aka yi furar suna da na haifi ɗana a tsakiyar rani, tunda kwari ba ya bukatarsu.

Bazarar shekarar ta yi zafi ƙwarai. Tun hantsi rairayi ba ya takuwa, ruwan tulu kansa da ɗumi, awaki su tsaya jikin danga bakinsu buɗe. Rijiyarmu ta ƙara nisa, igiya ta tsattsage mana tafin hannu. A cikin wannan zafin na zaunar da gidan muka ɓare gyaɗar nan tas, kwana da kwanaki, har yatsunmu suka yi kanta. Na zuba ta a ƙore na rufe, ja sumul, ina leƙa ta safe da yamma.

Da shamuwa ta sauka kan gawon bakin gari, iska ta juyo daga yamma, maza suka ce lokacin binne ya yi. Muka yi tudu da hatsi kwana biyu. Rana ta uku muka sauka kwari da gyaɗa. Iya ta biyo mu da sandarta, ta duƙa ta tura hannu cikin rairayi ta zare da sauri.

Ta ce, "Hajo, abu mai mai za ki sa cikin wagga wuta?"

Na ce, "Iya, hatsi ma rai gare shi, kuma yana jira. Iri ai iri ne."

Ta ce, "To, ni ban san ta ba," ta koma gida.

Safiya huɗu muka yi. Maigida a gaba yana sara, ni a baya da goyo, ƙwarya a hannun hagu, in jefa biyu in rufe da diddige. Muna farawa tun gari bai gama wayewa ba, mu tashi in ƙafa ta kasa. Lami tana bin mu tana tsintar wadda ta faɗi gefe tana jefawa baki, ina buge mata hannu ina cewa kwanon ɗakinmu take ci. A rana ta huɗu na tsaya a bakin gonar na dube ta, na ga har inda zan jera kwanonina.

Ruwa ya ƙi zuwa. Sati ɗaya, sati biyu. Kurege suka gano mu, kullum da safe sai a ga ramuka a jere bisa layin sara, kamar su ma sungumi gare su. Na kafa tsummoki a kan kara, na sa gwangwani, a banza. Cikin sati na uku aka yi wani yayyafi wanda bai wuce ya jiƙa bayan jaki ba, rana ta fito ta gasa shi. Sai bayan kwana biyar ruwan gaske ya sauka, da tsakar rana, da iska da tsawa. Ƙanshin ƙasa ya cika gari, yara suka fita tsirara suna tsalle, kwaɗi suka fito daga inda ba a sani ba. Ni ma na tsaya a tsakar gida ya dake ni, ina dariya ni kaɗai.

Kwana uku hatsi ya tsaga ƙasa. Tudu ya yi kore, gonakin mutane duk suka yi kore. Kwari shiru. Na ce gyaɗa nauyi gare ta, sai a hankali. Kwana bakwai, sai tsilli-tsilli, ɗaya nan ɗaya can, mutum zai iya ƙirga su yana tsaye. Na durƙusa na tona da hannu. Rami na farko ba komai. Na biyu jan ɓawo kawai da gara. Na uku ƙwayar tana nan ta yi baƙi, na matsa ta ta fashe, tana warin tsohon mai. Na bi layin nan ina tono har faratana suka yi jini, goyo yana kuka a bayana ban ji shi ba.

Ɗan maƙwabcinmu, wanda na gani a kan tabarmata a Kona, shi ya zo wucewa ya tsaya. Ya ce, "Gwaggo, wai binne ta kunka yi? Subhanallahi. Gujiya sai ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi kana a ɓare ta a shuka. Da kin tambaye ni." Da gaske yake jimami, amma kafin la'asar duk gari ya ji. Aka sa wa kwarinmu suna gonar kurege. Mata a rijiya in sun hango ni sai hira ta mutu. Ni kuwa abin da ke yawo a kaina guda ne, maganar da Abu ta fara na katse ta, wadda ba ta fi numfashi biyu ba.

Muka shiga neman irin hatsi don mu sake shuka kwari. Kowa ya zuba nasa a ƙasa. Tafi ɗaya nan, rabin ƙwarya can, kafin mu haɗa abin da zai rufe rabin wurin an yi sati biyu, mutane har sun shiga noman fari. Ya fito, ya yi kyau ma, kore shar saboda taki, har na fara sa rai. Amma ruwa ya ɗauke a lokacin da ya saba ɗauke mana, hatsin kwari yana cikin fidda kai. Ya tsaya haka ya bushe, zangarniya ba ƙwaya. Maƙwabta suka ɗaure nasu lafiya lau. Shekarar ba ta yunwa ba ce, ba wanda ya sa mata suna. A gidanmu kaɗai ta sauka.

Maigida bai taɓa ce mini ke kika ja ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ranar da muka zuba hatsi, rumbu ɗaya bai cika ba, ya tsaya ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce zai gangara kudu ɗaukar buhu. Mutumin da bai taɓa yi wa kowa aiki ba. Na ce, "Ko ina, ban da Kona." Ya ce Tasawa zai tsaya, bakin sikeli.

Wata biyu ya yi. Ya dawo gashin tsakiyar kansa ya zube saboda buhu. Abin da ya samo lanho ya cinye rabi, sauran ya zama ƴan mudun hatsi da gishiri. Sai da ya kwana biyu sannan ya ce mini, yana gyaran igiya bai dube ni ba, "Na ga Ilu."

Na ce, "Ina?"

"Bakin sikeli. Raƙuma sunka kawo mishi kaya."

"Ya gane ka?"

Ya ce, "Shi ya aza mini buhun hwarko bisa kai kahin shi ga huskata."

Ban ci abinci ba ranar. Ba don tausayin maigida kaɗai ba, in faɗi gaskiya. Tunanin Abu nake, tana zaune cikin kwanoninta ana ba ta labarina.

Daga nan muka shiga ja da rumbu. Da farko muka bar tuwon dare sai bayan kwana biyu, fura kuma aka tsinka ta har ana ganin gindin ƙwarya. Dusar da muke ba tumaki muka fara tankaɗewa muna haɗawa. Da sanyi ya wuce na shiga ɗibar anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwanaki ana sauya ruwa kafin su ciwu. Nesa nake zuwa, bayan tuddai, in rufe ƙwaryar da itace don kada a gani. Ko an wanke ta sau nawa ɗacin yana nan a maƙogwaro har gobe. Goriba kuwa mun gwagwiye ta har dasashinmu ya yi jini. Kullum da yamma ina hura wuta in ɗora tukunya ko ba abin zubawa, don hayaƙi ya tashi daga gidanmu kamar na kowa. Maƙwabta sun sani, wasu suna aiko da ɗan abu a ɓoye ta hannun Iya, ni ina yi kamar ban gani ba.

Nonona ya ragu, jariri ya kama ya saki ya yi kuka. Iya tana tura wa yara rabonta tana cewa ta ƙoshi. Lami ta bar wasa. Gashinta ya fara ja, wuyanta ya yi siriri, ta zauna a bakin ɗaki ƙudaje na bin idonta. Wata rana na miƙa mata anza ta kawar da kai ta ce, "Ni miyar gidan Abu ni ka so." Na ɗaga hannu zan mare ta, hannun ya tsaya a sama, na shiga ɗaki.

Yanzu in na ba jikokina wannan labari dariya suke yi, su ce Kona ɗin me? Gaskiyarsu. Gyaɗar ta mutu a shekarun fari, sikelin ya yi tsatsa, mutanen Kona hatsi suke nomawa kamar mu, kwanon Ilu kansa iska ta yaye shi tun da daɗewa. Sai dai lakwal ba ta tashi ba, likita bai tashi ba, hanya tana nan. Yaran da suka shiga aji a shekarun nan su ne suka zauna ofis a Maraɗi da Yamai, namu kuma suna kabu-kabu da babur a kasuwar Gidan Amumune. Har yau in na ji an ce wane ɗan kudu ne sai na ji wani abu ya motsa mini a ƙirji, da tsufana da komai.

Abu ta iso da hantsi, a tsakiyar bazara, ranar da muka share gindin rumbu. Jakai biyu, kowanne da taiki biyu na fata cike, da wani ƙanen Ilu mai kora su. Ta ƙara haske, ga ƴan kunne na azurfa, duk na gani kafin in amsa sallamarta. Ba ta zo wajena da kayan ba. Gaban Iya ta sa aka sauke, ta durƙusa ta ce, "Iya, ga gaisuwa Ilu ya ce a kawo miki." Ta yi haka ne don ta rufa mini asiri, na kuwa ji haushin iya zamanta fiye da in da ta yi mini gori.

Da na buɗe taikin na ga hatsin irin namu ne, na arewa. Ta ce, "A Mayahi na saye shi, Yaya. Mu ko rumbu ɗaya ba mu da shi bana, duk gujiya munka zuba." Har wannan ma sai da na yi mata hassada, mutum ya ci hatsin da bai noma ba.

Kwana biyu ta yi. Ba ta ambaci gyaɗa ba, ba ta ambaci sikeli ba, ba ta sake roƙon Lami ba. Amma na ga yadda ta dubi yarinyar da ta fara ganinta, ta juya ta share ido da bakin zane. Ranar farko na tuƙa tuwo, Abu ta zuba man da ta zo da shi. Lami ta ci kaɗan ta yi amai, cikinta ya manta da abinci. Abu ta ɗauke ta ta dinga ba ta kunu da ludayi kaɗan-kaɗan har ya zauna. Ni ina gefe da jariri a nono, ina lissafin da kowace mace ta iya ba tare da an koya mata ba: taikin nan huɗu, baki biyar, da watannin da suka rage kafin sabon hatsi. Ba su kai ba. In baki huɗu ne, da anza da ganyen tafasa, za a iya.

Rana ta biyu muna surfe ni da ita, taɓarya biyu turmi ɗaya kamar muna gidan ubanmu, na ce, "Ki tahi da ita."

Ta tsayar da taɓarya. "Yaya, ba don haka na kawo hatsin ba."

Na ce, "Na sani. Ki tahi da ita tun ina iya hwaɗi."

Da safe aka ɗaura wa jakai akumari. Iya ta wanke Lami ta ɗaura mata zanen da Abu ta kawo, aka naɗe taikin da aka juye aka ɗora ta a kai. Uwa ba ta rakiyar ɗiyar fari, ba ta kuka, ba ta ko tsayawa a ƙofa, sai a ce ba ta da kunya. Na ja turmi bayan zana na zuba hatsi na kama daka. Ta tsakanin karan zana ina ganinsu. Yarinyar tana murna, tana kaɗa ƙafa, har jakin ya fita ƙofar gida. Sai ta waiwayo ta ga ban biyo ba.

Ita ba ta taɓa ce mini Inna ba. Hajo take kira na kamar kowa, haka ƴaƴan fari suke tashi. Ranar nan ta buɗe baki ta ce, "Inna!"

Iya ta dubo ni. Mata biyu masu zuwa rijiya suka tsaya da tulunansu. Na ci gaba da daka.

"Inna!"

Abu ta riƙe igiyar jakin ta tsaya, fuskarta tana wajen zanar da nake. Ta jira ni, wannan kam ba zan ci mata haƙƙi ba, ta jira har tsayuwar ta yi tsawo. Bakina ya buɗe, taɓarya ta sauka, ban ce komai ba. Da yarinyar ta kira na uku, muryarta ta fara rawa, sai Abu ta dafa mata baya ta ce, "Na'am."

Yanzu Lami tana Maraɗi, ta yi aikin likita har ta huta, ta yi jikoki. Ba ta taɓa barina da yunwa ba. Duk Juma'a sai ta kira wayar jikana a miƙo mini, ta ce, "Hajo, kin tashi lahiya?"